Lu'ulu'un ruwan dadi a cikin lefe: ya ci kudinsa ko in hakura in sayi gwal?

Yayar Ango, daga wajen Ringim:

Assalamu alaikum yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen wadanda suka san harkar kayan kwalliya. Kanina ne zai yi aure bayan karamar sallah in Allah ya kaimu, to da yake Innarmu jiki ya ja ni aka dorawa hada lefen, kuma kun san halin kauye, kafin a gama rufe akwati an gama kirge abinda ke ciki har labari ya kai unguwar gaba. Atamfa da leshi da shadda duk mun gama da su a Kwari, takalma da jakunkuna ma alhamdulillah, saura sarka da dan kunne kawai.

To jiya wata dillaliya da take zagayo mana duk ranar kasuwa ta kawo min wani saiti, sarka mai layi biyu da yan kunne da na hannu, fari ne amma ba fari fat ba, in ka juya shi a rana sai ka ga yana dan daukar ruwan hoda. Tace wai lu'ulu'u ne na gaske na ruwan dadi, ba irin na robar nan da ake dinkawa a bakin mayafi ba. Kudin da ta fada wlh ya kai na tunkiya, tunkiyar ma mai kyau. Abinda ya daure min kai shine ni dai iya sanina lu'ulu'u daga teku yake fitowa, to ina shi ina ruwan dadi kuma? Sannan 'ya'yan ma ba daya suke ba, wani a mulmule wani ya dan yi tsawo wani har da dan zane a jikinsa, nace mata anya ba kwantai kika kwaso min ba, sai tayi dariya tace ai wannan shine shaidar. Ta bar min shi zuwa jibi in yi shawara. Matsalar in na saye shi kudin da zai rage ba zai kai dan kunnen gwal ba ko dan karami, sai dai fashan. Ya zan yi in gane na gaske ne, kuma in na gasken ne ya kamata in sa shi a lefe?

Goggon Yara, Gumel:

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya sanya alheri ya kaimu lokacin. Jikata ce take rubuta min ni ina fada. Ni ban ce abin ba shi da kyau ba, na gan shi a wuyan mata a Makka kuma yana da kyau, amma ki tambayi dillaliyar nan tambaya daya, in yarinyar nan ta shiga wani hali shekara biyu masu zuwa ta dauko sarkar ta kawo mata, nawa zata saya? Ki kalli fuskarta lokacin da zata baki amsa. Gwal ko a Maigatari ranar Alhamis kika fito da shi sai an samu mai dora shi a sikeli ya kirgo miki kudi, mu da shi muka biya asibiti muka sayi taki muka fanshi gona. Dangin amarya kuma in sun bude akwati giram nawa zasu tambaya, babu wadda zata ce a wane ruwa aka samo. Ki sayi dan kunnen gwal ko na rabin giram ne ki hada da fashan mai kyau ki huta.

Dan Kurmi, mutumin Bichi:

Slm Hajiya, Allah ya sa ayi damu. Ni sana'ata kenan, duwatsun wuya da tsakiya da murjani da su jigida nake saidawa a cikin gari, lu'ulu'un nan ma muna kawo shi jefi jefi, to bari in dan yi miki bayani ko da zai yi tsawo.

Da farko dillaliyarki bata yi karya ba da tace akwai na ruwan dadi, hasali ma yawancin lu'ulu'un gaske da ke yawo a kasuwannin duniya yau shine, kuma kusan dukkansa daga Chaina yake fitowa, fiye da kashi 90 cikin dari. Akwai wani gari Zhuji a lardin Zhejiang, nan ne babbar kasuwarsa, yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou ma abinda suke samu a can yawanci daga nan aka kai shi. Nomansa ake yi Hajiya, noma sosai kamar yadda ake kiwon tarwada a kududdufi. Kin san makankari, wannan abin ruwan mai bawo biyu da iyayenmu ke kankare kanzon tukunya da shi, to danginsa ne amma nasu babba ne, ya fi tafin hannu. Sai a dan bude bakinsa a yanko yar fata karama daga jikin wani a cusa masa a cikin namansa, a kowane gefe kamar guda 12 zuwa 16, sai a zuba su a raga a rataye cikin tafki da robobin lemo a sama suna rike da igiyar. Shi kuma jikinsa sai ya dinga lullube wajen da wannan abin mai sheki da kike gani a cikin bawonsa, shafi kan shafi kamar albasa, haka za'a bar shi shekara 2 wani har 6 ko 7. In aka fasa guda daya sai a samu 'ya'ya 24 zuwa 32 a ciki. Na teku kuwa irin na Japan ko Ostireliya ko Tahiti, dan dutse mulmulalle ake saka masa a ciki kuma daya ko biyu kawai yake bayarwa, shi yasa kudinsu ba'a magana, na ruwan dadi kuma talaka ma zai iya taba shi.

Wannan bayanin shi zai amsa miki maganar kwantai. Tunda ba'a sa masa dutsen da zai bi siffarsa ba, yadda ya ga dama haka yake fitowa, wani kwai wani shinkafa wani kamar maballi gefe daya a shafe, kadan ne suke fitowa a mulmule sosai kuma su ake warewa a tsuga musu kudi. In kika ga sarka duk 'ya'yanta girma daya launi daya sumul ba ko tabo kuma aka ce miki araha ce, to wannan ita zaki ji wa tsoro.

Gwaji kuma ga wanda muke yi a shago. Ki dauki kwaya daya ki goga ta a hankali a gefen hakorinki na gaba, na sama, ba cizo zaki yi ba goga kawai. Na gaske zaki ji gurzi gurzi kamar akwai yashi mai laushi, na roba ko gilas zai zame sumul. In kina kyankyamin sawa a baki ki kama guda biyu ki goga su da juna, na gaske zai dan rike kuma zaki ga wani farin gari kadan, ki shafe da yatsa wajen ya koma yadda yake, jabu kuwa ko dai ya zame ko fentin ya kwarzane. Sai ki matsa 'ya'yan gefe ki leka bakin hudar da zare ya bi, da hasken rana ko tocilan waya. Na gaske hudar karama ce bakinta tsaf, na jabu zaki ga fenti ya taru a bakin ko ya fara barewa har kina hango gilas ko farar roba a kasa. Akwai masu cewa a duba sanyi da nauyi, eh na gaske in kika dora a wuya zaki ji sanyi kafin ya dau dumin jiki kuma ya fi roba nauyi, amma gilas ma yana da sanyi da nauyi saboda haka kar ki tsaya a wannan kadai. Kuma dan Allah kar wani ya baki shawarar kona shi da ashana ko kankara da reza, kayan mutane ne, in na gaske ne kin bata shi sai kin biya.

Amma abinda nafi so ki rike, kasancewarsa na gaske ba shine ya ci kudin tunkiya ba. A can Chaina layi layi ake saida shi, layi daya wajen inci 16, kuma akwai layin da kudinsa bai fi na kwanon shinkafa biyu ba akwai wanda ya fi kudin babur, duk na gaske ne. Abinda ke raba su na farko sheki. Ki fita tsakar gida da safe ki kalli kwaya daya kusa da idonki, mai kyau zaki hango inuwar fuskarki ko ta kofar daki a jikinsa, mara kyau kuwa fari ne kawai dishi dishi kamar alli. Sai mulmulewa, sai tsabtar jiki, sai girma, wanda aka fi yin sarka da shi daga milimita 6 zuwa 9 ne, in ya haura 10 kudi sun fara tashi. Launin da yake fitowa da shi daga ruwa fari ne da ruwan hoda da ruwan goro mai haske da dan shunayya shunayya, in kika ga baki ko shudi ko kore shar to rina shi akayi. Ki kuma duba karfen makullin sarkar da na yan kunnen, da yawa 'ya'yan na gaske ne amma karfen na banza, wata biyu ya yi baki ya sa kunnen yarinya kaikayi.

Maganar Goggo kuma ni mai saidawa ne amma ba zan musa mata ba. Ban taba sayen lu'ulu'u a hannun macen da ta kawo na wuyanta ba, kuma ban san wanda yake saye ba a layinmu.

Maman Biyu, Kazaure:

Ni kam ban goyi bayan a ce komai sai gwal ba gsky. Yanzu gwal din ma wa yake sawa ya fita? Kowa ta boye nata a kasan adaka saboda tsoro, ranar biki fashan din dai ake sawa, wanda wata uku ya koma ja. To in za'a samu abu na gaske da yarinya zata saka ta fita hankali kwance ba wanda zai bi ta, kuma ba ya kodewa, meye laifinsa. Ni ina da layi daya da aka kawo min tsaraba daga Umra, har yanzu duk taron da na je sai an tambaye ni. Kawai dai Anti kar ki biya kudin tunkiya, ki taya rabi ki ga.

Malamin Firamare, Birnin Kudu:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Yaya, Allah ya sa albarka a wannan aure. Ɗan Kurmi ya gama magana a kan gwaji, ni ɗan ƙari zan yi a kan mamakin da kika yi na ruwan daɗi, da kuma dalilin da ya sa nake ganin maganar Goggo ta fi nauyi.

Ki duba Suratu Faɗir aya ta 12, inda aka ambaci ruwa biyu, ɗaya mai daɗi mai sauƙin sha ɗaya mai gishiri, aka ce daga kowanne kuna cin nama sabo kuna kuma fitar da kayan ado da kuke sawa. A Suratur Rahman aya ta 22 kuma an ambaci lu'ulu'u da murjani tare. Tun kafin a fara nomansa mutane suna tsintarsa a koguna, a Sikotilan da Jamus da Rasha da kogin Misisipi na Amurka, sai dai sai an fasa ɗaruruwa ko dubbai kafin a dace da ƙwaya ɗaya mai kyau, shi ya sa a da sai sarakuna.

To ga inda labarin ya juya. Wuraren nan da muke zuwa sayayya yanzu, Bahrain da Katar da Kuwait da Dubai, kafin fetur babbar sana'arsu nutso ce, maza su shiga jiragen ruwa watanni huɗu na zafi suna nutsewa ƙasan teku da numfashinsu kawai suna kwaso kawa, wato makankarin teku. Sai wani mutumin Japan mai suna Kokichi Mikimoto ya yi nasarar noma na farko a 1893, nasa na farkon ma rabin ƙwallo ne manne da ɓawo, daga baya aka gano yadda za a samu mulmulalle. Zuwa shekarun 1930 na noma ya cika kasuwa, ga karayar tattalin arzikin duniya ta zo a lokaci guda, sana'ar nutso ta durƙushe, garuruwa suka shiga yunwa. Allah ya taimake su aka samu fetur a Bahrain a 1932. Har gobe Bahrain ba ta yarda a yi cinikin na noma a ƙasarta ba, sai wanda aka tsinta.

Akwai wani ciniki da ya shahara. A 1917 kamfanin kayan ado na Cartier ya karɓi wani katafaren gida a birnin New York, abin da ya bayar a madadinsa sarƙar lu'ulu'u ce mai layi biyu, wadda aka yi wa kuɗi dala miliyan 1 a lokacin, da 'yan canji dala 100 a kai. Shekara 40 bayan nan, a 1957, aka yi gwanjon sarƙar, kimanin dala 150,000 ta yi. Gidan kuwa yana nan har yau kamfanin na ciki. Wannan fa wanda aka tsinta ne a teku, ba na noma ba. To ina ga wanda ake girbewa duk shekara tan-tan, wanda gobe za a ƙara girbo wanda ya fi shi kyau? Zinare ana narka shi a sake ƙera wani abu, nauyinsa shi ne kuɗinsa, tsoho da sabo duk ɗaya a sikeli. Lu'ulu'u kuwa da zarar an huda shi an sa a wuya ya fara tsufa.

Ta ɓangaren zakka ma ba hukuncinsu ɗaya ba, a Muwaɗɗa Imam Malik ya ce babu zakka a kan lu'ulu'u da miski da ambar. Sai fa in mutum ya mai da shi hajar kasuwanci irin su Ɗan Kurmi, nan ya shiga lissafin kayan shago.

Saboda haka in kina da hali ki haɗa biyun, in kuma ɗaya za ki ɗauka, ki tuna abin da lefe yake zame wa mace a ƙauye bayan an watse daga biki.

Dan Masunta, Hadejia:

Ku yi hakuri zan dan karkatar da zancen, ni abinda ya tsaya min a rai maganar noman ce. Mu nan makankari ba bakonmu bane, in ruwa ya ja baya a fadama muna yara har taka shi muke ya yanke mu a kafa, cikin bawon kuma yana wannan shekin da Dan Kurmi ya fada. Mun sha fasa shi amma ni dai ban taba ganin komai a ciki ba sai nama da tabo. Shin in mutum ya bude ya zuba masa yashi ya mayar ruwa zai yi? Don naji ance yashi ne yake zama lu'ulu'un. In abin mai yiwuwa ne ai ga kogi ga Tiga ga Challawa, me zai sa mu dinga kai wa Chaina kudi.

Malamin Firamare, Birnin Kudu:

Ɗan uwa maganar yashi labari ne kawai da ya yaɗu. Abin da yake zaune cikin taɓo da yashi dare da rana, da yashi ke yi ai da kowanne cike yake, furzar da shi yake yi. Abin da ke jawo shi a daji yawanci wata 'yar tsutsa ce ko rauni da ya tura ɓangaren fatar da ke yin ɓawo zuwa cikin nama, sai ta yi 'yar jaka a wurin ta ci gaba da aikinta na yin ɓawo, shi ne lu'ulu'un. Masu noma wannan suke kwaikwaya, shi ya sa fata suke dasawa, kuma aiki ne na hannu mai laushi da kayan aiki masu tsabta, in aka yi ganganci dabbar mutuwa take.

Ba Chaina kaɗai ke yi ba, a Indiya da Bangladesh akwai ƙananan manoma da ake koya wa suna yi a tafkunan kifinsu da irin makankarin ƙasarsu. Amma ka lura da abu biyu. Na ɗaya ruwan da ba ya ƙafewa shekara da shekaru ake so, kududdufinmu kuwa kafin bazara ya zama filin ƙwallo. Na biyu tsabtar ruwan. Japan ce ta fara shahara da na ruwan daɗi a wani tafki da ake kira Biwa, har sunan tafkin ya zama sunan lu'ulu'un a kasuwa, amma gurɓatar ruwa ta kashe sana'ar wajen shekarun 1980, Chaina ta gaje ta. Su ma da suka fara nasu ƙanana ne masu yamutsattsen jiki, sai a shekarun 1990 da suka koma wani irin makankari mai kusurwa uku kayansu ya gyaru. Sannan ka haɗa da haƙuri, tarwada wata 5 ko 6 ka kwashe ka sayar, wannan kuwa sai ka jira shekaru kafin ka san ko ka ci ko ka faɗi.

Anti Mai Kwalliyar Amare, Wudil:

Ni ta bangaren rike shi zan yi magana don nan ne ake barna, na sha ganin sarka mai kyau ta mutu a hannun amarya kafin ta fita daga kunshi. Abin nan fa ba dutse bane irin tsakiya da zaki jefa a kwalla ki manta, laushi gare shi, kuma duk abinda amaryar Hausa tafi so shine makiyinsa. Humra, turaren fesawa, man bilicin, hoda, hayakin turaren wuta, zufa, duk suna cinye shekin a hankali har ya koma rawaya rawaya ya dushe kuma in ya dushe ba mai dawo da shi. Ruwan lemon tsami ko tsamiya ko ruwan kal in ya taba shi cin sa yake yi, omo ma haka. Ka'idar da nake fadawa amarena, ki gama wanka ki gama turara jiki da kaya ki shafa humrarki ki bari ta bushe ki daura dankwali, shine na karshe da zaki saka, in kin dawo kuma shine na farko da zaki cire, ki goge shi da kyalle mai laushi da dan danshi kadan ki bar shi ya sha iska. Kar a tsuguna kan kasko da shi a wuya dan Allah.

Ajiya kuma a dinka masa yar jaka ta yadi mai laushi shi kadai, kar a hada shi da su awarwaro da zobba suna gogar juna, ko kurar hunturun nan in ta kwanta masa kika murje da karfi a bushe sai ta yi masa zane. Kar a daure shi a leda kuma kar a bar shi a akwatin karfe a dakin kwano lokacin zafi, bushewa tana sa shi tsagewa. Ba'a daka da shi ba'a wanke wanke da na hannun ba'a kwana da shi.

Sannan Yaya ki ja 'ya'yan ki gani ko akwai kulli tsakanin kowace kwaya da yar uwarta. Mai kyau da zaren siliki ake shirya shi ana kulli bayan kowace daya, saboda kar su dinga cin juna kuma in zaren ya tsinke a tsakiyar taro kwaya daya ce zata fadi ba duka su watse yara su bi su da gudu ba. In a kan igiyar kamun kifi aka zura su kawai to an yi miki aikin sauri.

Wajen sawa kuma yafi fitowa a kan leshi mara hayaniya ko lafaya ko doguwar riga mai launi daya, atamfa mai manyan zane hadiye shi take. Mai dan ruwan hodar nan da kika ce, a kan bakar fata wlh ba karamin kyau yake ba, ya fi farin fat din.

Yayar Ango, daga wajen Ringim:

Kai jama'a nagode Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Da safen nan na fito da shi tsakar gida nayi duk abinda kuka ce, Inna tana kallona tana cewa yau kuma sarka ake ci. A hakori akwai gurzin, na goga biyu garin ya fito, hudar ma tsaf ba fenti. To na gaske ne kenan. Amma maganar sheki layin sama ne kawai nake hango kaina a ciki, na kasan da na hannun dishi dishi suke, kuma ba kulli ko daya a kan wata farar igiya suke kamar ta kamun kifi, makullin ma har ya fara canza launi ta ciki. Na yi mata tambayar Goggo a waya tace ita bata sayen na hannu sai dai ta tayani nema.

Mun zauna da Inna da angon, mun tsaya a kan dan kunnen gwal, in ta yarda ta raba ta sayar min da layin saman kadai a kudin da bai fi karfina ba sai in kara a kai, in bata yarda ba ta dauki kayanta. Dan Kurmi in ta yarda a ina zan samu mai sake shirya min shi da kulli, kuma layi daya zai isa sarka bayan an yi kullin?

Dan Kurmi, mutumin Bichi:

Zai isa Hajiya har ya dan kara tsawo, kullin yana kara masa wajen inci daya ko fi, in ma an yi sa'a a cire biyu masu kama da juna ayi mata yan kunne da su. Masu shirya murjani a Kurmi duk sun iya, ki ce musu kulli tsakanin kowace kwaya kuma zare biyu, ki sa a canza makullin da na azurfa. Amma kafin ki biya ta, tunda dole zaki shigo gari sayen gwal din, ki fara zagawa ki tambayi kudin layi daya mai irin girman a shago biyu ko uku, ki tafi da kwayar a idonki ko ki dauki hotonta kusa da kwayar masara don a gane girman. In ta ji kin san farashi da kanta zata sauko.

Goggon Yara, Gumel:

Madalla 'yata. In kin je sayen gwal din a auna a gabanki ki ga lambar da idonki, ki karbo rasit mai dauke da giram din da ranar, ki sa shi cikin akwatin tare da dan kunnen ki fadawa uwar yarinyar yana ciki.